ME YA SA KABEWA TA KE ZUBAR DA 'YA'YA?

Kufena tsohon mazauni ne. Masu tarihi sun ce mutanen Zazzau sun zauna a Turunku, sa'an nan suka zauna a gindin Dutsen Kufena, kafin Birnin Zariya ya kafu inda ya ke a yau. Har yanzu ana ganin sauran tsohuwar ganuwa a wurin. Yanzu gonaki da gidaje ne suka kewaye dutsen. Da damina da wuya ka shiga gida ba ka ga kabewa ba. Wata tana bayan ɗaki, wata ta hau danga, wata ta malala a juji, wata kuwa tana yaɗo a ƙarƙashin dawa.

Mun san amfaninta. Da ita a ke miyar taushe. In ta ƙosa aka ajiye ta a inuwa, wuri mai iska, ta kan yi wata 3 ko fiye ba ta lalace ba. Mai gida ya ci, ya ba maƙwabci, ya kai saura kasuwar Birni, ko ta Tudun Wada, ko ta Sabon Gari.

Amma kowace shekara mu kan ji kuka iri ɗaya. Wani ya ce, "Kabewata ta yi ganye, ta yi fure, amma ba ɗa ko ɗaya." Wani ya ce, "Tawa ta ɗauka, amma da ɗan ya kai kamar ƙwan kaza sai ya yi rawaya ya faɗi." Wasu su kan ce iri ne ba shi da kyau. Wasu su ce baki ne ya kama ta. Wasu kuma su ce yaro ne ya nuna ta da yatsa. Shi ke nan, sai a haƙura, damina ta wuce, baɗi a sake irin wannan hasara.

To, jama'a, a wannan darasi za mu koyi duban furen kabewa. Wanda ya iya duban fure, shi zai san abin da ke damun kabewarsa, ya san kuma maganinsa.

FURE NAMIJI DA FURE MACE

Duk mun san gwanda. Akwai gwanda namiji, wanda ya ke fure ba ya ɗa. Akwai gwanda mace, wadda ta ke haihuwa. Haka dabino ya ke. To, ita ma kabewa tana da namiji da mace. Bambancin kawai, su biyun suna jikin yaɗo ɗaya ne.

Ga yadda za ku gane su. Ku je da safe ku ɗaga ganye, ku dubi ƙarƙashin furen.

Fure namiji yana kan sanda doguwa siririya. Ba kome a ƙarƙashinsa. In kun leƙa cikinsa za ku ga wani abu guda ɗaya a tsaye kamar ɗan tsinke. Ku taɓa shi da yatsa, za ku ga wani gari rawaya ya manne muku. Wannan shi ne garin fure. Ɗan'uwan bununin gero ne.

Fure mace sandarta gajera ce, mai kauri. A ƙarƙashin furen akwai ɗan ƙwallo kore. Wannan ƙwallon shi ne zai zama kabewa. In kun leƙa cikin furen za ku ga wani abu mai ƙulu-ƙulu, mai ɗan danƙo. Nan ne garin fure ya ke sauka.

Ku lura da wannan ƙwarai. Ɗan ƙwallon nan yana nan tun furen bai buɗe ba. Ganinsa ba ya nuna kabewa ta ɗauka. Sai garin namiji ya sauka a cikin macen sa'an nan ta ɗauka. Wannan shi a ke kira barbara. In ba a yi barbara ba, ƙwallon zai ɗan tasa, ya tsaya, ya yi rawaya, ya faɗi, ko an nuna shi da yatsa ko ba a nuna ba.

Abu na biyu da za ku riƙe shi ne, furen kabewa ba ya kwana. Ya kan buɗe da asuba, kafin rana ta take ya rufe, ba ya sake buɗewa. Watau kowace fure mace safiya ɗaya tak gare ta. In safiyar nan ta wuce ba gari, an yi hasarar kabewa guda.

WA KE KAI GARIN?

Bununin gero da na masara ba shi da nauyi, iska ce ta ke kwasarsa ta watsa a gona. Garin kabewa kuwa yana da nauyi, yana da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Sai an sami mai dako. Mai dakon nan shi ne ƙudan zuma.

A gindin furen akwai ruwan zaƙi. Ƙudan zuma ya shiga namiji don ya sha, sai gari ya manne a jikinsa. Ya fito ya shiga mace, sai garin ya goge a cikinta. Shi cikinsa ya ke wa aiki, amma mu ya yi wa hidima.

Zuwa ɗaya ba ya isa. Ku tuna yawan 'ya'yan da ke cikin kabewa guda in an fasa ta, ɗaruruwa ne. Kowane ƙwayar iri sai da ƙwayar gari guda ta same shi. Don haka sai ƙudan zuma ya yi ta shiga yana fita sau da yawa a safiyar nan. In gari ya yi kaɗan, kabewar ta kan fito ƙarama, ko karkatacciya, gefe ɗaya ya cika, gefe ɗaya ya motse.

Kabewa baƙuwa ce a ƙasarmu, ko da ya ke ta daɗe har ta zama 'yar gida. Asalinta daga nahiyar Amurka ne. Masana sun sami 'ya'yanta a wani kogo a ƙasar Meksiko, waɗanda suka kai kamar shekara 10,000. Sai bayan shekarar 1492, da jiragen ruwan Turawa suka fara kai da kawowa, ta bazu sauran duniya. A can ƙasarta akwai wani irin ƙudan zuma wanda ba ya neman gari a ko'ina sai a furen kabewa da danginta. Shi bai biyo ta nan ba. A nan, ƙudan zuman da ke shiga amya da kogon itace, da 'yan'uwansa na daji, su ne suka ɗauki aikin.

ALAMU 7 DA MAGANINSU

Likita ba ya ba da magani sai ya duba mara lafiya. Mu ma sai mu duba kabewa tukuna.

1. Fure da yawa, duk maza. In kabewa ta fara fure, kamar mako 6 ko 7 bayan shuka, maza ne su ke fara fitowa. Su kan yi mako 1 ko 2 suna buɗewa suna faɗuwa kafin mace ta farko ta fito. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka halicce ta. Ko bayan mata sun fito, maza sun fi su yawa. Maganin wannan haƙuri. Kada ku tuge ta, kada kuma ku bar yara su tsinke mazan.

2. Ganye ya yi duhu, yaɗo ya yi tsawo, mata kaɗan. Wannan ya kan sami kabewar da ke tsakiyar juji, ko wadda aka cika wa kashin kaji ko takin yuriya. Ta ƙoshi har ta manta da haihuwa. Ku daina ƙara mata irin wannan taki. Ku barbaɗa 'yar toka a kewayen gindinta. In yaɗon ya kai kamar taku 4, ku tsinke kansa don ya yi rassa. Baɗi ku shuka a gefen juji, ku yi amfani da taki wanda ya ruɓe sarai. In takin zamani za ku sa, kamfa kaɗan ya fi yuriya.

Inuwa ma ta kan jawo haka. Kabewa mai son rana ce. Wadda ke ƙarƙashin mangwaro, ko cikin dawa mai kauri, ba ta yawan fure mace. Ku ja kan yaɗon ku fuskantar da shi bakin gona inda rana ta ke.

3. Ɗa ya yi rawaya, ya motse daga wajen fure, ya faɗi, ciki ba tsutsa. Wannan rashin barbara ne. Ku fita da safe tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 9, ku tsaya kusa da kabewar, ku ƙirga ƙudan zuma. In kun daɗe ba ku ga ko ɗaya ba, kun gano ciwon. A ƙasar Zazzau ruwan sama ya fi yawa a watan Agusta. In marka ta kama, aka wayi gari ana yayyafi, ƙudan zuma ba ya fita, fure kuwa ba ya jira. Da hunturu ma, masu lambu a fadamun Kubanni da Galma su kan ga haka, don sanyin safiya ya kan hana shi fita da wuri. Maganin wannan shi ne barbara da hannu. Za mu zo kanta nan gaba.

4. Ɗa ya faɗi tun furensa bai buɗe ba. Wannan wahala ce ta sami uwar. Ko ƙishi, ko ruwa ya yi mata yawa, ko zafi. A gindin dutse irin Kufena akwai wuraren da ƙasa ba ta da zurfi, fā yana kusa. In ruwa ya ɗauke kwana 7 ko 10, nan ne ya ke fara bushewa. Ku ba ta ruwa a gindi, ya jiƙa sosai, ku rufe gindin da busasshiyar ciyawa. A fadama kuwa, in ruwa ya kwanta saiwa ta kan ruɓe. Can sai a shuka bisa tudun ƙasa, a yi wa ruwa hanya. Mai noman rani ya yi lissafi, kada furen kabewarsa ya faɗa cikin tsananin zafin Maris da Afrilu.

5. Akwai manyan 'ya'ya 2 ko 3, amma ƙananan da ke biyo baya suna zuba. Wannan ma ba ciwo ba ne. Uwar ta san ƙarfinta. Ba ta iya goyon fiye da abin da za ta iya ciyarwa, sai ta saki na baya. In kuna son ƙarin kabewa, ku ƙara gindi, ku bar kamar taku 3 tsakanin gindi da gindi.

6. Ɗa yana da ɗan huji kamar na allura, wani lokaci da ɗan ƙaro a bakin hujin, ya ruɓe daga nan. Ku fasa shi. In kun ga fararen tsutsotsi, to wani ƙuda ne ya harbe shi. Ƙudan nan ƙarami ne, mai ruwan ƙasa da ɗigon rawaya. Macen ta kan huda fatar ɗan kabewa tun tana da taushi ta yi ƙwai a ciki. Tsutsa ta ci, ta fita ta shiga ƙasa, ta zama sabon ƙuda. Don haka wanda ya bar ruɓaɓɓun 'ya'ya a ƙasa, kiwon ƙuda ya ke yi. Ku tsince su kullum. Ku haƙa rami mai zurfin kamu 1 ku binne, ko ku ƙulle su a baƙar leda ku ajiye a rana kwana 3. Waɗanda suka ɗauka da lafiya, ku rufe su da takarda ko tsumma mai tsabta, har fatarsu ta yi tauri.

7. Wajen furen ya jiƙe, ya yi laushi, ya fid da wani gashi-gashi fari mai baƙin kai. Wannan fumfuna ce, danshi ke kawo ta. Ta kan fara daga mataccen furen da ya manne a jikin ɗan. Bayan kwana 2 ko 3 da barbara, in furen ya yanƙwane, ku cire shi a hankali. Ku ɗora ɗan bisa tsingaro ko busasshen kara, kada ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ku rage tsofaffin ganye don iska ta ratsa. Wadda ta hau danga ko rumfa ba ta cika samun wannan ba.

YADDA A KE BARBARA DA HANNU

Wannan aiki ba shi da wuya, ba ya kuma cin ko kwabo. Namiji ya iya, mace ta iya, yaro mai hankali ma ya iya.

Da fari, tun da yamma ku zaga ku dubi furannin da suka kumbura, bakinsu ya fara rawaya. Su ne za su buɗe gobe. Ku lura da inda matan su ke.

Na biyu, ku fito da sassafe, bayan an dawo masallaci gari ya waye. Da sanyin safiya a kan kama fara. In rana ta yi zafi, garin ya rage ƙarfi.

Na uku, ku tsinko namiji wanda ya buɗe a safiyar nan. Na jiya ba shi da amfani. Ku taɓa cikinsa, ku tabbata gari yana manne wa yatsa. In ruwa ya jiƙa shi, ku nemi wani wanda ganye ya kāre.

Na huɗu, ku yage ganyen furen nan rawaya duka, ya rage tsinken da ke da gari, da sandar da za ku riƙe.

Na biyar, ku sa tsinken cikin macen, ku shafa garin a kan ƙulu-ƙulun nan, ko'ina da ko'ina, a hankali kamar mai sa kwalli. In maza suna da yawa, ku yi wa mace guda da namiji 2.

Na shida, ku ɗaura ɗan zare ko tsumma a sandar macen, don ku gane ta. In ana ruwa, ku rufe bakin furen da ganye, kada ruwa ya wanke garin.

Bayan kwana 3 zuwa 5 ku koma. In ɗan yana nan kore, yana sheƙi, ya ƙara girma, to ta ɗauka. Daga nan kamar mako 6 zuwa 8 kabewa ta ƙosa. Alamar ƙosawa, fata ta yi tauri har farce ba ya shiga, sandar kuma ta bushe.

In taku ba ta da namiji a ranar, ku roƙi na maƙwabci. Amma ya zama na kabewa ne, in da hali irin taku. Garin duma, ko na kankana, ko na guna, ba ya yi wa kabewa kome, ko da ya ke duk dangi ne.

MU KIYAYE ƘUDAN ZUMA

Hannu ya kan isa gindi 5 ko 10 na bayan gida. Mai gona guda ta kabewa, ko kankana, ko guna, ba shi da hannun da zai isa. Dole sai ƙudan zuma. Abu 3 ne su ke rage mana shi.

Na ɗaya feshi. Maganin da ke kashe ƙwaro, yana kashe ƙudan zuma. Wanda ya yi feshi da safe, fure yana buɗe, ya kashe ma'aikatansa da hannunsa. In feshi ya zama dole, a yi shi da yamma lis, bayan fure ya rufe, ƙudan zuma ya koma gida. A bi awon da aka rubuta a jikin kwalba. Ga amfanin karatu ke nan. Wanda ya iya karatu ba ya awon magani da ka. Ko ruwan ganyen dalbejiya ne, da yamma ya kamata a fesa.

Na biyu wuta. Mai ɗiban zuma da ya cinna wa amya wuta, ya sha zuman bana ya ƙone na baɗi. Hayaƙi kaɗan ya isa ya kwantar da su. A bar musu saƙar da ke da 'ya'ya, da ɗan abin da za su ci.

Na uku sare itatuwa da ƙunar daji. Kabewa wata 2 ko 3 ta ke fure. Sauran watannin, a ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da furannin daji ƙudan zuma ya ke kiwo. In babu su, sai ya yi ƙaura.

Ɗora amya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Zazzau. Wanda ya ɗora amya a itacen da ke kusa da gona, ya sami zuma, ya sami kabewa, maƙwabtansa ma sun amfana. Sai dai a nisanta ta da gida, da hanya, da turken dabbobi, gama zuma da zaƙi da harbi.

IRIN BAƊI

Wani ya kan shuka irin doguwar kabewa, ya ga ta fito masa da wata siffa dabam. Dalili, ƙudan zuma ba ya tambayar gonar wa ce. Ya kan ɗauko gari daga wata kabewa ya kawo wa taku. Kabewar bana ba za ta sāke ba, amma 'ya'yan da ke cikinta sun gauraya, sai baɗi a gani.

In kuna da iri mai kyau kuna son ku riƙe shi, ga dabara. Da yamma ku ɗaure bakin mace guda da namiji guda da zare, tun ba su buɗe ba. Da safe ku kwance, ku yi barbara da hannu, ku sake ɗaure bakin macen. Ku sa mata alama. Ku bar ta ta ƙosa sarai, ku ɗebi 'ya'yan, ku wanke, ku shanya a inuwa, ku ajiye a wuri busasshe.

In kun ga ciwon da ba mu faɗa ba a nan, kamar ganye ya murɗe ya yi dabbare-dabbare, ku tsinko ganyen da ɗan ku kai wa malamin gona. Mu mutanen Zazzau mun yi sa'a, gama Samaru tana kusa da mu. Tun shekarar 1922 a ke binciken aikin gona a can, a shekarar 1962 kuma wurin ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Tambaya rabin ilimi ce.

TAMBAYOYI

1. Ta yaya za ka bambanta fure namiji da fure mace?
2. Don me iska ba ta iya yi wa kabewa barbara?
3. Yaushe furen kabewa ya ke buɗewa, yaushe ya ke rufewa?
4. Ka fasa ɗan kabewa da ya faɗi, ka ga tsutsa. Me ya same shi, me za ka yi?
5. Wane lokaci ya kamata a yi feshi, kuma don me?

AIKIN YI

Kowane ɗan aji ya zaɓi gindin kabewa guda. Ya ja layi 3 a littafinsa. A kan na fari ya rubuta "namiji", a na biyu "mace", a na uku "ƙudan zuma". Kowace safiya har kwana 7 ya ƙirga, ya rubuta da lamba. Ya yi wa mace 2 barbara da hannu, ya ɗaura musu zare, ya bar 2 ba a taɓa ba. Ranar aji kowa ya zo da littafinsa, mu karanta, mu gwada na wani da na wani. Wanda ya gane, ya koya wa mutanen gidansa. Allah ya ba mu damina mai albarka.